Sittin Bisa Casa'in

Litinin, daga tsibiri

Zuwa ga 'yata Malama Nas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da mahaifiyarku, da bayin Allahn da kike tsira wa allura ba tausayi. Mu dai mun iso lafiya ni da babanki, ban da abin da ya fito daga cikinmu a jirgin ruwa, wanda muka bar wa kifaye sadaka.

Tunda kin ƙwace wayoyinmu, ga ni da biro kamar ɗan makaranta. Direban jirgin da ke kawo kaya safe da yamma ya yarda zai riƙa ɗaukar hoton wasiƙata idan ya koma tudu ya turo miki, amsarki kuma ya kawo mana a wayarsa mu karanta.

Bari in maimaita yarjejeniyarmu a rubuce, don kada gobe a ce Baffa bai ji ba. Likita ya ce jinin babanki ya hau. Ke da yayyenki kun karɓe makullin shagon takalmansa, kun turo shi nan ya huta kwana shida, ni kuma kun naɗa ni mai gadi. Zan ɗaura masa na'urar awon jini safe da yamma in rubuto miki lamba. Ba ciniki, ba zancen kasuwa. Idan lamba ta sauka, makulli ya koma hannunsa. Idan ba ta sauka ba, ku ba da shagon haya, shi ya zauna gida yana kallon bango. Na ji, na ɗauka. Shekara talatin da ɗaya shagona na turare yana jingine da nasa, bango ɗaya ya raba mu, ba na so in wayi gari in ga an zuba min mai gyaran janareta a maƙwabta.

Wurin nan kuwa, 'yata, sai wanda ya gani. Ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, yashi fari tas, bishiyoyin kwakwa sun karkace kamar masu jiran a gama musu aski. Ɗakinmu gado biyu ne da fanka, taga tana kallon teku. Mun tarar an naɗe tawul an yi agwagwa da shi an ɗora a kan gado. Babanki ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Mai Turare, kwance ta ake yi, ko da ita ake kwana?" Har yanzu tasa tana nan, ya ja ta gefe, da hannun riga yake goge fuska.

Baƙin otal ɗin kuma abin mamaki ne. Manyan mutane masu furfura sun tuɓe sun kwanta a rana da gangan, suna juyawa kamar nama a kan waya. Babanki ya kalle su ya kalle su, ya ce, "To su waɗannan wa ke tsare musu shago?"

Awon yammacin yau: sittin bisa casa'in. Kin ga tun ba a je ko'ina ba iskar teku ta fara aiki. Kina iya fara goge makullin nan.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Baffanki Mai Turare


Talata

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma godiya da ɗawainiyar da kake yi da Baba. Allah ya saka da alheri.

Baffa, na karanta lambar da ka aiko sau uku. Na nuna wa abokiyar aikina, sai da ta nemi kujera ta zauna. Lambar sama ba ta taɓa zama ƙasa da ta ƙasa. Ba a taɓa ganin haka a jikin mai rai ba, kuma a jikin mamaci ma na'urar ba ta nuna komai. Idan da gaske sittin bisa casa'in ka gani, to ba wasiƙa ya kamata ka rubuto ba.

Ina roƙonka ka rubuta abin da na'urar ta nuna daidai, ba ƙari ba ragi. Ba don mu cuci Baba muka karɓi makullin ba. Ni na ɗauko shi daga ƙasa a cikin shagon nan ranar da jiri ya kwashe shi, da takalmin mutane a hannunsa. Ba na so in sake.

A tabbata yana shan ƙwayarsa bayan karin kumallo, kuma a rage masa gishiri.

'Yarka,
Nas


Laraba, daga tsibiri

Zuwa ga 'yata Malama Nas,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaida abokiyar aikin taki, ki ce ta tashi daga kujerar, babu wanda ya mutu.

Haba 'yata. Ke da kika tashi a bayan kanta, yaushe kika taɓa jin an faɗi farashin gaskiya a karon farko? Na'ura ta ce ɗari da saba'in da biyar bisa casa'in. Na ga abin ya yi tsada. Na san halinki, duk abin da na faɗa sai kin ƙara a kai, shi ya sa na fara daga ƙasa, da niyyar ki taya, in ce albarka, mu haɗu a wajen ɗari da ashirin kowa ya tafi da mutuncinsa. Ta ƙasan ban taɓa ta ba don na ga ba ta da yawa. Ina na san 'yan uwan juna ne?

To ga gaskiya tsirara, ba daɗi gare ta ba. Talata da safe ɗari da saba'in da takwas. Da yamma ɗari da tamanin. Yau da safe ɗari da tamanin da biyu. Hawa take yi kamar farashin kaya.

Kuma kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na kai shi wani ƙaramin jirgi mai gindin gilashi, wanda ake leƙen kifaye ta ƙasa. Kifaye ja da rawaya da masu zane, kowa yana ihu yana nunawa, babanki yana riƙe da ƙarfen kujera yana karanto duk addu'ar da ya sani. Na kai shi wajen tausa. Wani ƙato ya shafa masa mai ya fara murza shi, bayan minti biyar na ji shi daga waje yana cewa, "Bawan Allah, me na yi maka?" Na sa aka ba mu irin shimfiɗar nan ta raga da ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu. Ya hau ta dama ya sauka ta hagu, da fuska. Wata kaguwa ta kama masa babban yatsa. Wannan kam ya yaba mata, ya ce a duk tsibirin ita kaɗai ya ga tana aiki.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tun jiya ya samu kujera a bakin hanyar da baƙi ke bi zuwa ruwa, ya zauna, kansa a ƙasa. Da farko na ɗauka tasbihi yake yi. Da na matsa sai na ji: "Arba'in da biyu. Talatin da takwas, faffaɗa. Arba'in da huɗu, na hagu ya fi girma." Ƙafafun mutane yake karantawa. Ba ya kallon teku, ba ya kallon fuska. Kifin da aka kawo mana da rana, wanda ya kai tsawon hannuna, sau biyu ya taɓa shi ya ture. Ni na rufa masa asiri na cinye.

Jiya bayan la'asar ya ce da ni, "Yanzu ƙura ta rufe takalman gaban gilashin nan. Baƙaƙen ba sa son ƙura." Daga nan bai ƙara magana ba. Ni da na saba sai na roƙe shi ya yi shiru in ji abin da mai saye ke cewa, yau ni ke neman ya tanka.

Yana shan ƙwaya. Gishiri kuwa, a nan har iskar gishiri ce, sai dai in hana shi numfashi.

Naki,
Baffa


Alhamis, daga tsibiri

'Yata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da albishir. Goro kuma fari nake so.

Jiya da yamma ɗari da sittin. Yau da safe ɗari da arba'in da biyar. Yanzun nan da na cire masa na'urar, ɗari da talatin da biyar bisa tamanin da biyar. Wallahi ko ɗigo ban rage ba, har ma'aikacin otal na kira ya duba da idonsa.

Babanki ya cinye abincinsa ya kai hannu kan nawa. Ya kwance agwagwar ya yi wanka da ita. Da safe na ji shi yana waƙa a banɗaki, muryar dai sai haƙuri, amma waƙa ce.

Idan kin tambaye ni dalili, hutu ne kawai ya kama shi. Yini yake yi a ƙarƙashin wata bishiyar kwakwa can ƙarshen yashi, iska na kaɗa shi, ba ya komai. Ko kaɗan ba ya komai. Ashe ku masu ilimi kun san abin da kuke yi.

Ki yi haƙuri da takardar, ta otal ta ƙare, wannan na tsinta a kan tebur.

Naki har kullum,
Baffa


Juma'a

Zuwa ga Baffa,

Ina gaisuwa.

Direban jirgi mutum ne mai cika aiki. Ya ɗauki hoton gaban takardarka, ya kuma ɗauki bayanta.

A bayan akwai zanen tafin ƙafar mutum, an bi gefenta da biro, yatsu biyar cif. A tsakiya an rubuta: "Matar ɗaki na shida. Arba'in da ɗaya. Tana cewa talatin da tara ce, kada a yi mata musu, a ba ta arba'in da ɗaya." Na san rubutun nan, Baffa. Da shi aka sa hannu a duk takardun makarantata.

Abu biyu na roƙa. Lamba ta gaskiya, da kuma kada ya yi ciniki. Ranar Litinin ka ba ni lambar ƙarya. Yanzu ga shaida cewa yana auna ƙafafun mutane a tsibirin da babu wanda ya san shi. Ta yaya zan yarda da ɗari da talatin da biyar daga bakin da ya ce sittin?

Na yi magana da yayyena. Akwai mai son shagon, zai zo ya gani ranar Litinin. Ban ji daɗin rubuta wannan ba, amma gara Baba ya yi fushi da ni yana raye.

Nas


Juma'a

Uwata,

Ina gaishe ki. Mai Turare ya karanta min.

Ban sayar da komai nawa ba. Kayan wata tsohuwa ne. Ta zuba su a kwando ɗaya, hagu da dama a cakuɗe, manya da ƙanana, tana gyangyaɗi a kai. Kwana biyu ina wucewa ina kau da kai. Na uku na kasa.

Matar ɗaki na shida arba'in da ɗaya ce. Ko gaban alƙali zan faɗa.

Kada ku bari mai son shagon ya taɓa kantar hagu, ƙusarta ɗaya ta saki. Idan kun ba shi, ku gaya masa rana tana shigowa ta gilashi bayan azahar, tana cin launin fata. A sa labule.

Ina shan maganin.

Babanki


Juma'a da yamma, daga tsibiri

Zuwa ga 'yata Malama Nas,

Assalamu alaikum. Yau ba tayi, ba albarka. Kuɗinsa ke nan zan faɗa miki, in kin ga dama ki saya.

Laraba bayan na ba da wasiƙa, na nemi babanki na rasa. Na zaga otal, na leƙa har cikin ruwa. Can ƙarshen yashi na hango shi a durƙushe. Wata tsohuwa ce ke sayar da silifa da takalman fata na hannu a gindin kwakwa. Ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata. Ya zazzage kwandonta a kan tabarma, ya haɗa kowane da ɗan'uwansa, ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya goge su da hular kansa. Tsohuwa ta ɗauka ɓarawo ne, ta ɗaga sanda. Kafin ta sauke, ya tare wani baƙo mai tsalle a kan yashi mai zafi, ya kalli ƙafarsa sau ɗaya, ya miƙa masa guda. Ya shiga kamar a jikinsa aka ɗinka. Tsohuwa ta ajiye sanda ta matsa masa a tabarma.

Na je da niyyar in janye shi, Allah ya sani. Na ce, "Ka tuna da Nas." Ya ce, "Tsaya nan, ka ɗauki jan can ka yi kamar kana so." Kin san aikin. Shekara talatin ina yi masa shi yana yi min: in mai saye yana jan ƙafa, maƙwabci ya zo ya ɗauki kayan ya juya, ya yaba, ya fara laluben aljihu. Wata baƙuwa tana ganin na rungume jan takalmin nan ta fizge shi daga hannuna. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai ga ni ina kiran mutane da tafi.

Ki zo ki ga ciniki ba harshe. Da yatsu ake yi, da girgiza kai, da dafe ƙirji kamar an soke ka. Babanki har juya baya yake yi ya kalli teku, wai ya yi fushi, kuma ina jin shi ne karo na farko da ya kalle ta da kyau. Ko sisi bai taɓa ba, komai a cinyar tsohuwa yake faɗawa. Ladansa ruwan kwakwa, ita take fasa masa da kanta. Da yamma na ɗaura na'ura ina jiran ta fashe, sai ga ɗari da sittin. Sauran kin sani, kuma duk gaskiya ne.

Ɗazu na karanta masa wasiƙarki. Ya rubuta miki tasa, ya koma kujerar bakin hanya. Tsohuwa ta aiko har sau biyu, ya ƙi zuwa, ya ce ya saɓa miki sau ɗaya ya isa. Awon yanzu: ɗari da saba'in da bakwai.

Ni ba likita ba ne, 'yata, kin ma tabbatar. Amma na san kaya. Akwai turaren da in ka rufe shi ka ajiye yake ƙara kyau, akwai wanda in ba a buɗe shi ana shaƙa ba yake lalacewa a kwalba. Babanki na biyun ne. Ranar da ya faɗi a shago, ya yini bai ci ba, shi kaɗai yana hawa tsani yana sauke kwalaye. Ki hana shi tsani. Ki sa masa lokacin tashi. Amma in kin zaunar da shi a gida, ina tsoron abin da kike gudu shi zai same shi a kan kujera.

Kada ki yarda da ni, na ɓata sunana da hannuna. Gobe za mu dawo. Ki auna shi Lahadi a falo, da na'urarki, da hannunki. Litinin kafin mai son shagon ya zo, ki buɗe masa na awa biyu, ki bari ya yi ciniki uku, ki sake aunawa. Abin da kika gani ki yi aiki da shi, ba zan ƙara cewa uffan ba.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ga ragowar. Ranar Talata, da kika kama ni, na ce bari in ɗaura na'urar a hannuna in samo lambar mai lafiya in aiko miki da sunansa. Ta nuna ɗari da casa'in da biyar. Na sake, ta ƙara biyu. Sai na gane na'urar ba ta saba da ni ba ne, na mayar da ita jaka. Na faɗa miki ne kawai don ki san ban aiko ba.

Ki gaida mahaifiyarku. Ki yafe wa tsoho.

Baffanki


Talata

Zuwa ga Baffa,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na rubuto ne tunda ka daina ɗaga wayata, kuma jiya da ka hango ni a kasuwa ka shige bayan kanta.

Lahadi a falo, ɗari da saba'in da huɗu. Jiya a shago, bayan ya yi rabin awa yana musu da wata mata a kan takalmin makaranta, ɗari da talatin da takwas. Na auna sau uku. Na sallami mai son shagon.

Makulli yana hannun Baba. Zai buɗe ƙarfe tara ya rufe ƙarfe huɗu, na kuma ɗauke tsanin. Na gode, Baffa. Da gaske nake.

Na'urar kuwa lafiyarta ƙalau. Na karɓa maka layin ganin likita gobe ƙarfe takwas, kada ka ci komai kafin ka zo. Idan kana tunanin wucewa kasuwa, kada ka wahalar da kanka wajen neman makullinka. Yana jakar Inna uwargidanka tun da safe. Baba ne ya nuna mata inda kake ɓoye shi.

'Yarka,
Nas